Fiffiken bayan mota ya karye? Abin da ya kamata ka sani kafin ka canza shi da kanka

A garuruwan yammacin Jihar Kano irin su Ƙaraye da Rogo da garin Turawa, ba kasafai ake cin karo da motocin tsere na asali ba. Irin su Mustang da Camaro da Porsche sai a Abuja da Legas da wasu unguwannin birnin Kano.

Amma akwai ƙannensu, kuma su ne matasa suke so: Corolla S da Camry SE da Civic da Accord da Golf. Motocin gida ne da kamfani ya yi wa kwalliyar tsere, kuma abin da ya fi fito da wannan kwalliya shi ne fiffiken da ke zaune a kan murfin but, wanda makanikai ke kira sifoila.

Shi ne kuma yakan riga komai karyewa. Mota ta maƙale a laka da damina, ko batir ya ƙi tashi da safe, jama'a su taru su tura ta, kowa ya dafa fiffiken domin shi ne ya fi daɗin kamawa. Wani da shi yake buɗe but, da shi yake rufewa. Yara su ɗare kansa. Ranar kasuwa a loda buhunan masara ko ɗaurin rake, but ya ƙi rufuwa, a ɗaure shi da igiya ta bi ta kan fiffiken. Ga kuma rana da ke gasa robar shekara da shekaru har ta bushe ta zama kamar ƙwarya.

Idan ya karye, mai motar yakan bi ɗayan hanyoyi biyu: ko ya naɗe shi da tef ya ci gaba da harkarsa, ko ya fizge shi ya jefar. Duka biyun suna da illa. Akwai hanya ta uku, wato ya gyara ko ya canza shi da hannunsa, kuma aiki ne da mai natsuwa zai iya gamawa cikin yini guda. Sai dai akwai abubuwan da dole ya sani tukuna.

Me ya sa mutane suka koma yi da kansu?

Amsar tana cikin aljihu. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, zuwa Kano daga Ƙaraye ko Rogo domin ƙaramin gyara ya zama abin da sai an yi lissafi. A watan Yunin shekarar Babban Bankin Najeriya ya saki darajar Naira, Dalar da ake samu a kusan Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Kusan duk kayan gyaran mota daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu ya bi Dala.

Inshora ma ba za ta share wa yawancin masu mota hawaye ba. Wadda aka fi yi ita ce ta dole, wadda Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 daga watan Janairun 2023. Ita wannan ɓarnar da ka yi wa wani take biya, har zuwa Naira miliyan 3 a kan dukiya. Abin da ya lalace a jikin motarka kuwa, kai da aljihunka.

Ga wanda ke zaune a garin Turawa, kai mota birni yana nufin mai na zuwa da dawowa, da kuɗin aiki, da yini guda da aka bar gona ko shago. Wani lokacin ma a ce ya bar motar ta kwana. Idan aka haɗa, kuɗin hidimar kan kusa kamo kuɗin kayan. Shi ya sa da yawa suke gwammace su sayo kayan su ɗaura a ƙofar gida.

Ado ne ko aiki yake yi?

Asalin fiffiken ba don ado aka ƙirƙire shi ba. Idan mota tana gudu sosai, iskar da ke bi ta samanta takan yi ƙoƙarin ɗaga bayanta, tayoyin baya su rage kama ƙasa. Fiffiken yana karya wannan iska ne don bayan motar ya zauna. Kamfanin Ferrari na Italiya ya fara sa shi a motocinsa na tsere a farkon shekarun 1960, sannan Porsche na Jamus ya fito da shi a motar titi ƙirar 911 Carrera RS a 1972.

Labarin da ya fi nuna amfaninsa shi ne na Audi TT. An fito da motar a 1998 da bayanta a sulɓe, babu fiffike. Bayan wasu munanan haɗurra da suka faru a gudun kilomita 180 a awa ko fiye, kamfanin ya kira motocin da ya sayar tsakanin ƙarshen 1999 da 2000, ya yi musu gyare-gyare, ciki har da ɗaura musu ƙaramin fiffike a baya.

Sai dai a lura da gudun da ake magana a kai. Ƙarfin iska a jikin mota ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: idan ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin iskar ya ninka sau huɗu, idan ka ninka sau uku, ya ninka sau tara. Ke nan motar da ke tafiyar kilomita 60 a awa tsakanin Ƙaraye da Rogo tana fuskantar kashi ɗaya ne kacal cikin tara na iskar da ke kan mai gudun 180.

Dokar hanya ta Najeriya kuwa, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ke aiki da ita, ta taƙaita gudun ƙananan motocin gida a kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi. A irin wannan gudu, fiffiken Corolla ko Camry kusan ado ne zalla. Motar ba za ta ƙwace wa direba don babu shi ba.

To in haka ne, mene ne abin damuwa? Abubuwa uku ne, kuma babu na ado a cikinsu.

Na farko, ramuka. Yawancin fiffiken da aka ɗaure da noti sun huda murfin but. Da zarar ya tsage ko ya yi sako-sako, ruwan sama zai bi ramukan ya shiga tsakanin ƙarfen murfin, ya gangara ya taru a ramin safaya. Damina ɗaya ta isa kafet ya fara wari, jak ya ci tsatsa, wayoyin fitilun baya su fara wasa. Tsatsar da ta fara daga ciki kuwa, kafin a gan ta a waje ta riga ta gama ɓarna.

Na biyu, fitila. Da yawa daga cikin motocin da ke kan titunanmu daga Amurka aka kawo su, inda tun daga motocin shekarar 1986 doka ta wajabta fitilar birki ta uku a tsakiyar bayan mota. A wasu motocin tana bayan gilashi, a wasu kuwa a cikin fiffiken take. Wani nazari da hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka ta fitar a 1998 ya nuna wannan fitila tana rage karon baya da kusan kashi 4 cikin 100. A hanyar da babu fitilun titi, ga ƙurar hunturu, ga babura da ke bin mota kurkusa, wanda ya fizge fiffike ya jefar yana iya jefar da fitilar da ta fi saurin shiga idon na bayansa.

Na uku, wanda ke biye da kai. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane daƙiƙa. Fiffiken da aka riƙe da tef ko igiyar roba, idan ya ɓalle a irin wannan gudu, kan mai babur ko gilashin motar baya zai nufa. Mai babur ɗin da ya goyo iyalinsa bai san hawa ba bai san sauka ba.

A gyara, a canza ko a cire?

Kafin ka kashe ko sisi, buɗe but ka duba abin da ya karye. Idan tsagewa ce a jikin fiffiken amma ƙafafunsa da ƙusoshinsa suna nan daram, ana iya gyara shi. Idan wurin da ƙusar take zaune ne ya ɓare, ko ya rabe gida biyu, canji ya fi. Gam ba ya riƙe wurin da nauyi da girgiza suke taruwa, musamman a hanyar burji mai gargada.

Irin gyaran ya danganta da abin da aka yi fiffiken da shi, kuma sau da yawa akwai tambarin haruffa a cikinsa. Idan ka ga ABS, roba ce mai narkewa, masu walda da roba za su iya ɗinke ta da zafi daga ciki. Idan ka ga PUR, ba ta narkewa, sai gam mai haɗi biyu. Idan kuma cikinsa yana da kaushi da zare-zare kamar tabarma, faiba ce, ana gyara ta da ruwan faiba da ƙyallenta. Sufa gulu ba ya aiki a ko ɗaya daga cikinsu: yana bushewa ya yi tauri, ramin farko da motar ta faɗa sai ya saki.

Akwai kuma zaɓin cirewa gaba ɗaya, kuma ba abin kunya ba ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma cirewar tana da ƙa'ida: a toshe kowane rami da marfin roba da gam, ko a kai wa mai gyaran jikin mota ya cike ya yi fenti, sannan idan fitilar birki a ciki take, a sa wata a bayan gilashi.

Sayen kaya: suna ba ya isa

Yawancin masu mota a wannan yanki Kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano suke nufa. Mutanen Rogo, da yake suna iyaka da Jihar Kaduna, wasunsu kan leƙa Zariya ko Panteka a Kaduna. Abin da ba a samu a nan ba, ’yan kasuwa kan aika Ladipo a Legas a turo.

Kaya iri biyu za ka tarar. Akwai na Beljiyam, wato na asali da aka ciro daga jikin wata motar a waje, akwai kuma sabo na kwaikwayo. Na Beljiyam ya fi zama daidai a kan ramukan da ke murfinka, wani lokacin ma ka dace da launin motarka. Amma ka juya shi ka duba ƙusoshin, ka ɗan murɗa shi ka ji ko akwai tsagewar da aka ɓoye da fenti. Na kwaikwayo ya fi araha, sai dai yakan zo babu fenti, ramukansa kuma ba lallai su hau kan naka ba. Araha ba ta ado.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen kaya da laƙabin mota. Ka ce wa ɗan kasuwa EOD ko DC ko Muscle, alhali kowane laƙabi ya ƙunshi shekaru da dama. Accord ta 2003 zuwa 2005 da ta 2006 zuwa 2007 ’yan gida ɗaya ne, amma an sauya fasalin bayansu. Corolla ’yar Amurka da ’yar Turai ma ba lallai murfinsu ya zo ɗaya ba.

Mafita ita ce lambar shasi. Tana da haruffa da lambobi 17, ana ganin ta ta ƙasan gilashin gaba a ɓangaren direba. A motocin Amurka, na goma a jerin shi ne shekarar motar: 1 zuwa 9 suna nufin 2001 zuwa 2009, A ita ce 2010, B 2011, C 2012, D 2013. Ɗauki hoton lambar da wayarka, ka ɗauki hoton murfin ta waje da ta ciki, ka auna tazarar da ke tsakanin ramukan da tef ɗin awo ka rubuta. Mafi kyau duka, ka tafi da karyayyen fiffiken a hannu, a kara shi da sabon a gabanka.

Idan saƙo za ka bayar a turo maka ta motar haya, ka nemi a aiko maka da bidiyon kayan ta WhatsApp, a nuna ƙasansa da ƙusoshinsa da soket ɗin fitilarsa, kuma ku yi magana a kan mayarwa tun kafin ka tura kuɗi.

Launi ma yana da lamba. A Toyota tana kan takardar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba, bayan haruffan C/TR: 040 fari ne, 202 baƙi, 1F7 ruwan azurfa. Honda ma a jikin ginshiƙin ƙofar take sa tata. Amma ka sani motar da ta sha ranar Kano shekara goma ta kauce wa launinta na asali, don haka gwanin mai fenti yakan haɗa launin ne yana gwadawa da jikin motar. Fenti kuwa a yi shi kafin a ɗaura fiffiken, ba bayan an ɗaura ba.

Kayan aiki da lokacin da ya dace

Ba a buƙatar kayan gareji. Safana ko soket mai lamba 10, domin yawancin notocin motocin Japan a wannan wuri lamba 10 ne, sukudireba, tef ɗin takarda, tsumma mai tsabta, sifirit, zaren fatsa irin na masuntan Dam ɗin Challawa, sabon tef mai gam fuska biyu na mota, irin na kamfanin 3M, da wasoshin roba ko gam ɗin toshe ruwa. Sai mutum na biyu da zai riƙe maka ɗaya gefen.

Lokaci yana da muhimmanci. Tef mai gam fuska biyu ya fi kamawa a yanayin da bai yi sanyi ba kuma bai yi zafi ƙwarai ba, wajen digiri 21 zuwa 38 a ma'aunin Salshiyas. Da tsakar ranar Afrilu, ƙarfen motar da ke rana ya wuce haka nesa ba kusa ba. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, domin ko ɗan siririn ƙura ya hau gam ɗin, ƙurar zai kama ba motar ba. A yi aikin da hantsi, a inuwa, a wurin da iska ba ta kaɗawa, a yayyafa ruwa a ƙasa. Kuma a yi shi kafin ruwa ya sauka, ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda ake cire tsohon

Idan akwai fitila a jikin fiffiken, fara da kashe mota ka cire kan batir na ɓangaren da ke da alamar ragi. Sannan ka buɗe but ka cire shimfiɗar da ke lulluɓe da cikin murfin. Ƙananan maɓallan roba ne ke riƙe da ita, a ɓanɓare su a hankali domin rana ta riga ta busar da su. Zuba su a kwano ɗaya da notocin, kada ƙasa ta haɗiye su.

Kafin ka taɓa noti, rufe murfin ka zagaye ƙafafun tsohon fiffiken da tef ɗin takarda. Wannan zai nuna maka daidai inda sabon zai zauna, ya kuma kare fenti daga ƙarzuwa.

Zare soket ɗin fitilar ta hanyar danna ɗan harshensa. Kada ka ja waya, kada ka yanke ta. Sai ka kwance notocin. Wanda ya ci tsatsa a ɗiga masa mai a ba shi mintuna, kada a yi masa ƙarfi, domin ƙusar a cikin roba take zaune, idan ta juya tare da notin aiki ya ƙaru. Ka kuma kula kada noti ya suɓuce ya faɗa tsakanin ƙarafan murfin, in ba haka ba za ka yi ta jin ƙararsa a kowane rami har ka sayar da motar.

Bayan an kwance notoci, sau da yawa fiffiken ba zai taso ba, saboda akwai tef a ƙarƙashinsa. A nan ne mutane ke sa sukudireba su ɓanɓara, su lotsa murfin su kwarzane fenti. Maimakon haka, bar motar ta ɗan sha rana gam ɗin ya yi laushi, sannan ka zura zaren fatsa a ƙarƙashi, ka naɗe bakinsa biyu a jikin ’yan sanduna don kada ya yanke ka, ka riƙa ja hagu da dama kamar mai zarto har ya raba su.

Ragowar gam ɗin a murje shi da yatsa, abin da ya ƙi fita a shafa masa ɗan kananzir, a wanke da ruwa da sabulu nan take. Kada a kusanto da tina ko reza, suna cin fenti.

Yanzu duba bakin ramukan. Idan akwai tsatsa, goge ta da sanfefa mai laushi har ƙarfe ya fito fes, ka shafa fentin hana tsatsa, ka bari ya bushe. Wanda ya tsallake wannan mataki ya rufe ciwo ne da ƙyalle.

Yadda ake ɗaura sabon

Fara da gwaji ba tare da gam ba. Ɗora fiffiken, ka ga ko ƙusoshin sun shiga ramukan ba tare da tilas ba, ka auna tazarar gefen hagu da na dama, ka buɗe murfin har ƙarshe ka tabbatar ba ya taɓa gilashin baya.

Idan komai ya zauna, goge murfin da ƙasan fiffiken da sifirit, ka bari su bushe, kada ka sake taɓa wurin da hannu. Manna tef ɗin a ƙasan fiffiken, amma kada ka ɓare bayansa gaba ɗaya. Ɓare ɗan bakinsa kawai ka lanƙwaso shi waje yadda za ka iya ja daga baya.

Sa washar roba ko ɗan gam ɗin toshe ruwa a kewayen kowace ƙusa da kuma ramin da waya ke bi. A nan akwai abin lura: silikon ɗin da ake aikin gilashin gida da shi, mai warin tsami, yana sa ƙarfe tsatsa. A nemi wanda aka yi domin jikin mota.

Zura wayar, ku ɗora fiffiken ku biyu, ka ɗaura notocin da yatsa kawai. Idan ka tabbatar ya hau kan alamar da ka yi, sai ka ja bayan tef ɗin a hankali ya fita, ka danna fiffiken da tafin hannu sosai daga tsakiya zuwa gefe.

Sannan ka ɗaure notocin bi da bi, wannan gefe kaɗan, wancan kaɗan. Da ka ji noti ya zauna, ƙara masa ɗan juyi ka tsaya. Ba notin taya ba ne. Yawan ɗauri shi ne ke tsuge ƙusa daga cikin roba ko ya lotsa murfin, kuma nan ne mafi yawan sababbin fiffike suke mutuwa tun ranar farko.

Mayar da soket da kan batir, ka sa wani ya taka birki kana kallo. Idan fitilar ba ta kama ba, duba soket ɗin da fis, kuma idan irin ta zamani ce mai ƙananan ƙwayaye, tana iya ƙin kamawa idan an juya wayoyinta biyu.

Tef irin wannan ba ya gama kamawa nan take. Yakan kai kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfinsa bayan awa 24, ya cika bayan awa 72. Don haka kwana uku babu wanki, babu gudu, babu dafawa. Bayan nan sai gwaji na ƙarshe: kwarara ruwa da bokiti a kan murfin, ka buɗe ka shafa cikinsa da ramin safaya. Idan ka ji danshi, ka sake toshe ramin kafin ka mayar da shimfiɗar.

Inda ya kamata hannunka ya tsaya

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Akwai wuraren da kuɗin da za ka ba mai sana'a ya fi wanda za ka yi asara.

Idan sai an huda sababbin ramuka, kai wa mai gyaran jikin mota. Murfin but ƙarfe biyu ne, rami ɗaya da ya kauce ba ya komawa. Idan murfin ya lotsa a wurin da fiffiken ke zama, sai an daddale shi tukuna, in ba haka ba ruwa zai samu hanya komai yawan gam. Idan wayoyin sun ƙone ko an taɓa yi musu haɗe-haɗe, aikin mai rewaya ne. Fenti ma a bar wa mai fenti: irin wanda ake haɗawa da sinadarin busarwa yana da illa ga huhu, haka ma ƙurar faiba idan ana goge ta babu takunkumi.

Akwai kuma motocin da fiffikensu ya wuce roba da noti. A Lexus RX 350 daga ta 2010, abin share gilashin baya a ƙarƙashin fiffiken yake ɓoye. A wasu motocin tsere na asali kuwa, kamar Porsche 911 tun daga ƙarshen shekarun 1980, fiffiken da kansa yake tashi idan mota ta kai wani gudu, da injinsa da wayoyinsa. Irin waɗannan ba na ƙofar gida ba ne, kuma a motar da aka ƙera domin gudu, ba a maye gurbin fiffikenta da na kwaikwayo.

Sai batun girma. Wasu matasan idan na asali ya karye sukan ɗauko dogon fiffike irin na filin tsere su kafa. Ban da ƙarin nauyi da kan hana murfin tsayawa idan an buɗe shi har ya faɗo wa mutum a ka, yana tare madubin tsakiya, yana ƙara wa mota jan iska, wanda ke nufin ƙarin shan mai. A wannan zamani kuwa babu mai neman abin da zai ƙara masa zuwa gidan mai.

Bayan an gama

Sabon fiffike zai daɗe ne gwargwadon yadda aka bi da shi. Idan za a tura mota, a dafa ginshiƙan gefen gilashi ko ƙarfen jikinta. A rufe but ta hanyar dafa murfin. Idan kaya sun hana shi rufuwa, igiya ta bi ta wajen makulli, kada ta hau kan fiffiken. A nema wa mota inuwa, ko ta bishiyar darbejiya ce. Duk wanda ke bin hanyar burji kullum, ya riƙa girgiza fiffiken da hannu lokaci zuwa lokaci, in ya ji motsi ya duba notocin, musamman kafin faɗuwar damina da bayan ɗaukewarta.

Lissafin dai a bayyane yake. Wanda ya yi aikin da kansa ya tsira da kuɗin mai da na aiki da yininsa. Amma ribar tana tabbata ne idan but ya kwana a bushe cikin ruwan Agusta, fitilar birki ta kama duk lokacin da aka taka, mai babur ɗin da ke biye kuma ya isa gida lafiya. Wanda ya ga ba zai iya tabbatar da waɗannan uku ba, ya cire fiffiken ya toshe ramukan, ko ya kai wa masu sana'ar.